Jihar da Hanadi Ta Zaɓa

Alsahafa, Khartoum.

Zuwa ga yayana abin girmamawa, Sharafaddeen.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, kai da iyalinka da duk dangin da ka samo mana a Haɗeja. Allah Ya sa wa cinikin riɗinka albarka, Ya tsare ka a hanyoyin da kake bi, Ya raya maka su Isma'il a kan tafarkin Musulunci. Mu nan sai godiyar Allah. Inna tana nan da sauƙi, sai gwiwoyin nan da ka sani, sanyin bana ya tayar da su. Mun kai ta asibiti a Soba, likita ya hana ta sukari a shayi, ita kuwa ta ce likitan yaro ne, bai san komai ba tukuna. Yanzu tana ɓoye sukarinta a ƙarƙashin matashin kai tana zaton ban gani ba. Maigidana Malam Habibu yana nan yana fama da walda a Alshajara, ran da aka kawo wuta ya yi aiki, ran da aka ɗauke ya zauna shan gahawa da maƙwabtansa suna gyara duniya da baki. Ni kuma ina nan da tukunyata, ina yi wa ɗaliban Najeriya na jami'a tuwo da miyar kuka da masa. Su ne ma suka gyara mini wannan bokon da kake gani, in ka ga kuskure sai ka ɗora musu.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani da kowa ke danna waya ya aika murya. Da gangan na yi. Maganar da ke bakina a kan waya take, ba kuwa zan kai ƙarar waya ta cikin waya ba. Ga shi gidanmu ka san shi, in ka yi tari a ɗaki an ji ka a ƙofar gida, ni kuma ba na so yarinyar ta ji. Nana Aisha, ɗalibar nan 'yar Gumel da ke cin abinci a wurina, ita za ta kawo maka in ta tafi hutu. Na liƙe ambulan ɗin da kyau. In ka ga alamar an taɓa shi ka faɗa mini, don ita ma tana cikin waɗanda zan yi maka maganarsu.

Yaya, maganar Hanadi ce. Ba don ina zaton ka manta ba, amma bari in tuna maka yadda ta zo hannuna, don abin da zan faɗa ya zauna daidai. Ranar da aka tashi daga zaman makokin matarka Hala, mahaifiyarta, Allah Ya ji ƙanta, mutane sun watse, ka same mu a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, Inna na zaune a kan gadon igiyarta. Ka kamo hannun yarinyar, lokacin ko haƙoran gaba ba ta fara zubarwa ba, ka sa shi a cikin nawa, ka ce ka ba ni ita riƙo har ɗakin mijinta, kai za ka koma ƙasar kakanni ka nemi dangi da abin yi. Inna ta ce ta shaida, ta yi mana fatiha. Ka san Allah bai ba ni haihuwa ba, ka kuma san abin da wannan ɗan hannu ya zama a wurina. Shekara takwas ke nan. Ni na yi jinyar ƙyandarta, ni na kai ta makaranta ranar farko tana riƙe da gefen mayafina tana kuka, ni take kira Yumma kamar yadda yaran nan ke kiran uwayensu. A duk tsawon wannan lokaci ban taɓa ƙorafin shirunka ba, na ɗauka alkawari kake girmamawa.

To sai ga shi da Nana Aisha ta dawo hutun da ya wuce, ta zaro kwali daga jakarta ta miƙa wa Hanadi kai tsaye, ina tsaye da muciya a hannu, ta ce saƙon babanta ne. Waya sabuwa dal, irin ta shafawa. Babu takarda, babu ko a gaida Ruƙayya, balle a ce ga abu nan in kin ga ya dace ki ba ta. Tun a ranar na sha jinin jikina. Mutumin da ko zanen Sallah sai ya bi ta hannuna, yau me ya sa ya tsallake ni? Na koma kan tukunyata don kada a ce ina baƙin ciki da kyautar uba ga 'yarsa, amma na sa ido. Abin da na gani kuwa bai kwantar mini da hankali ba. Yarinyar nan ta zama baiwar wayar nan. Ko banɗaki za ta shiga sai ta ɗora ta a kan taga. In aka ɗauke wuta hankalinta ya tashi, ta yi ta roƙon Malam ya tafi mata da ita wurin aiki a sa a caji, in ya dawo kuma kafin ta ce masa sannu ta tambaye shi ko wani ya kira. In ta yi ƙara tana wanke-wanke sai ta saki kwano ta ruga da kumfa a hannu. Na ce a raina, ba a yi wa ƙawayen makaranta irin wannan gudu.

Ana cikin haka aka buɗe makarantu, malamarsu ta labarin ƙasa, wata Ustaza Samar, ta ba su aiki. Wai kowace yarinya ta yi bincike a kan wilayarsu, abin da ku can kuke ce wa jiha, ta zana taswirarta a kwali ta zo ta yi bayani a gaban aji. Ta kuma rubuta musu sunan wani shafi a intanet da aka yi wa 'yan makaranta. Na karɓi wayar na duba da idona. Taswirar Sudan ce an raba ta goma sha takwas, kowace jiha da launinta, in ka taɓa ɗaya sai ta buɗe: ga babban birninta, ga kogunanta, ga abin da ake nomawa, ga tufafin mutanenta da abincinsu, har da wasu 'yan tambayoyi a ƙarshe da tauraro ke fito wa yaro in ya ci. Na taɓa Jazira, inda aka haife ni da kai. Sai ga Madani, ga magudanan ruwa, ga auduga fara tas har iyakar gani. Na yi ta ja ƙasa ina neman mu, ina neman hannayen da suka tsinci audugar nan, irin na Baba da suka tsattsage har ba ya iya riƙe tasbaha da sanyi. Ban gan mu ba. Na koma jerin ƙabilun jihar, can ƙarshe na ga an ce da wasu da suka zo daga yamma. Wasu ke nan sunanmu. Na tambayi Hanadi wa ya rubuta wannan, ta ce ba a sa suna ba, haka shafuka suke. Ni kuwa abin da ban san mai shi ba ba na sakin jiki da shi. Malamin allo ka san gidansu, ka san wanda ya karantar da shi. Wannan kuwa yana koya wa 'yarka ko wace ce ita, ba ka ma san ko mutum ne ko aljan ba.

Da yamma muna zaune ina tsince shinkafa, sai Hanadi ta tambaye ni wace ce tamu jihar. Na ce Khartoum mana, a ina aka yanke miki cibi? Ta ce ai a ajinsu an yi wannan gardamar, 'yan ajin sun ce babu ɗan Khartoum, kowa zuwa ya yi. Jihar mutum ita ce inda yake tafiya da Sallah, inda kuma kakanninsa ke kwance. Da gaskiyarsu kuwa, don ka san yadda Alsahafa ke zama fayau da Babbar Sallah, wannan ya nufi Shandi, wancan ya nufi Kosti, mu kaɗai ake bari da kulolin unguwa. Kafin in haɗa amsa Inna ta tsoma baki daga kan gadonta. Ta ce mu ba mu da jiha, mu matafiya ne, niyyar Hajji ta fito da kakanmu daga Haɗeja, hanya muke har yanzu, hutawa kawai muka tsaya yi. Ta shiga jero mata zangunan nan da ta saba, da inda aka bar kowa: wane a Abeshe, wane a Junaina, wance a bayan Ubayyid, Baba a ƙauyen nan na kusa da Hasahisa. Ka san Inna. Matar da aka haifa a bakin gonar auduga, ba ta taɓa taka wajen Sudan ba, amma har yau akwatin ƙarfenta na tafiya yana ɗaure a ƙarƙashin gado da fararen yadinta a ciki. Ita ce ta hana a dasa ko bishiya ɗaya a gidan nan wai matafiyi ba ya dasa itace, har sai da Malam ya sa lemun tsami a ɓoye ya ce da kansa ya tsiro. Da ina dariyar wannan magana tata. Ran nan ban yi dariya ba, don na ga yadda yarinyar ta saki baki tana sauraro.

Bayan 'yan kwanaki na leƙa wayar ta bayan kafaɗarta, sai na ga taswirar ta canja. Wata ƙasa ce daban, an yanka ta gutsi-gutsi har talatin da shida, yatsanta kuma kullum a kan guda ɗaya can sama. Ashe akwai irin wannan shafi na jihohin Najeriya, da Turanci, har da wani da Hausa. Wa ya nuna mata? Yarinyar da in na yi mata Hausa take mayar mini da Larabci, wadda in ɗalibai suka zo take ɓuya don kada su yi dariyar harshenta, sai ga ta tana bin Nana Aisha da waya wai ta karanta mata, tana tambayata ma'anar fadama da masarauta da gulbi. Tana wanke kwanuka tana bita kamar mai hadda: Jigawa, babban birninta Dutse, daga Kano aka cire ta, ƙananan hukumomi ashirin da bakwai, masarautu biyar, tana iyaka da Nijar, ana noman riɗi da zoɓo da shinkafa, akwai dausayi kusa da Haɗeja da tsuntsaye ke zuwa daga ƙasashen Turawa su yi hutun sanyi. Har ta fi ni sanin inda kake. Ita da Inna suka zama abokan ƙus-ƙus, kai a haɗe a kan waya, in na shigo su yi tsit. Wata rana kuma ta wuni ba ta sa komai a bakinta ba, ido ja wur, na yi tambayar duniya ta ce kanta ke ciwo. Na taɓa goshinta, sanyi ƙalau.

Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, na haɗa wannan da wancan na ga hannunka a ciki. Na ce ka ga yarinya ta tasa, ta isa aike da raino, gidanka kuma maza ne zalla, shi ne ka aiko waya ka bi ta bayan gida kana kwaɗaita mata ƙasarku a hankali, don ran da za ka ce a kawo ta a ce ai ita ta nema. Na tsare Nana Aisha a madafa na tambaye ta tsakaninta da Allah ko kai ka sa ta. Ta rantse har da hawaye cewa yarinyar ce ta roƙe ta ta nemo mata shafin, ita ba ta ɗauka wani abu ba ne. Na ji ta, amma ban manta ba cewa a Maigatari kake sarin riɗi, mahaifinta kuma abokin cinikinka ne. Na juya kan Inna, ta ce ita ba ruwanta, jikarta ta nuna mata garin kakanta a hoto, laifi ne ta kalla? Ita ma na ji ta, amma tun muna yara in ka fasa tulu ni ake duka, ba yau ta fara rufa maka asiri ba. Malam kuwa cewa ya yi zargi ya yi mini yawa, in na ci gaba haka har akuyar maƙwabta sai na ce kai ka turo ta.

Sai ga saƙo daga makaranta wai Ustaza Samar na son ganina. Na bar tuwo a hannun maƙwabciya na tafi. Abin da ya faru shi ne, ranar bayani kowace yarinya ta fito da kwalinta, wannan Kasala, wannan Sinnar, wannan Kurdufan ta Arewa. Da aka zo kan 'yarka ta buɗe nata, ta tsaya a gaban aji ta ce jiharta Jigawa ce, ta fara zuba bayani. Aji ya ɗauki dariya. Wata ta ce ashe Fallatiya ce, sunan nan da suke kiran duk ɗan yamma da shi, wata ta ce to me suke jira da ba su koma ba. Yaya, ka ji kashe-kashen da aka yi wa mutanenmu Hausawa a Damazin da daminar nan, ka san ba lokacin da Bahaushe zai tashi da bakinsa ya ce shi ba ɗan nan ba ne. Ka kuma tuna wahalar da Malam ya sha kafin ya sami lambar ɗan ƙasa, sai da ya tattaro tsofaffi suka rantse cewa an haifi kakansa a nan. Duk wannan yarinyar nan ta kwashe shi ta zubar a gaban aji guda. Malamar dai ta tsawata wa yaran, ta kuma ce mini aikin Hanadi ya fi na kowa tsari, sai dai ba za ta iya ba ta maki a kan jihar da ba ta cikin Sudan ba, ta sake wani. Amma da za mu rabu sai ta rage murya ta tambaye ni ko shirin tafiya muke yi, ko kuwa takardun yarinyar ne ba su cika ba. Mai yiwuwa da kyakkyawar niyya ta yi tambayar. Ni dai ban ga abin da ya haɗa malamar labarin ƙasa da takardunmu ba, na ce mata takardunmu sun fi na wasu cika, na fito.

Ban daki Hanadi ba, ban ko ɗaga mata murya ba. Ranar Juma'a da safe na ce ta shirya ta raka ni unguwa. Na cika jarka da ruwa, muka hau mota zuwa cikin gari, muka sake wata muka haye gada zuwa Omdurman. Ba ta gane inda muka nufa ba sai da ta hango maƙabarta. Rabonta da wurin tun tana ƙarama. Na sha wuya kafin in gane kabarin, don an cika wurin ƙwarai bayan tafiyarka, amma dutsen nan da ka sa da hannunka yana nan. Muka yi wa Hala addu'a, na ba ta jarkar ta zuba ruwa kamar yadda mutanen nan ke yi. Sannan na ce mata, tun da 'yan ajinsu sun ce jihar mutum ita ce inda nasa ke kwance, to ga uwar da ta haife ta nan, a ƙasar Omdurman, cikin jihar Khartoum, ba a taswirar kowa ba. Na ce kuma a gaban wannan kabari nake tambayarta, ta ji tsoron Allah ta faɗa mini gaskiya: kana kiranta a ɓoye? Kai ka ce ta karanci Jigawa? Ka yi mata alkawarin za ka ɗauke ta?

Da ta buɗe baki kuma rabi Hausa rabi Larabci, kuka na sarƙe ta. Ta ce tun da wayar nan ta zo, sau ɗaya tak ta ji muryarka a cikinta, ranar da wayar ta iso. Ka tambaya ko saƙo ya zo, ka ce a dage da karatu, ka ce a ba ka Inna. Ta ce ko sunanta ba ka kira ba, ke kawai ka ce mata. Ita kuwa ta ɗauka tun da ka aiko waya, ai kira za ka riƙa yi, shi ya sa ba ta yarda ta mutu ko na ɗan lokaci, kada ka kira ka same ta a kashe ka yi fushi. Da ta ga shiru sai ta ce wataƙila don ran nan ta rasa abin da za ta ce maka ne, ta yi ta amsa na'am, na'am, kamar sakarya. To da malama ta nuna musu shafin jihohi, sai ta yi tunanin ta nemi na wurinku ta haddace, don in ka sake kira ta sami abin faɗa da zai riƙe ka a kan layi: ta tambaye ka ko ka taɓa ganin tsuntsayen nan, ko Dutse da nisa daga gidanka. Ranar da ta ƙi cin abinci kuwa, ashe a wajen neman hotunan Haɗeja ne ta ci karo da na ambaliyar da aka yi muku, gidaje sun rushe, mutane a cikin kwalekwale, ba ta san ko kana raye ba, ta kuma kasa tambayata don wai in an ambace ka fuskata tana canjawa. Na ce to me ya kai ta faɗa a gaban aji? Ta ce kowace yarinya in ta fito sai ta ce garin babana kaza, babana ya kai ni kaza, ita ma so ta yi ta faɗa sau ɗaya. Daga ƙarshe na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko tana so ta koma wurinka. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ci gaba da karkata jarkar a kan kabarin alhali ruwan ya ƙare.

Da muka dawo na kwashe duka na faɗa wa Inna, ina jiran ta ji haushinka ko sau ɗaya a rayuwarta. Ina! Cewa ta yi me ake so ka yi, ai 'yar fari ce, wane ɗan mutunci ne zai kama sunan 'yar farinsa ko ya zauna yana hira da ita kamar sa'arsa? Ta ce Baba har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunanka ba, kai ma ba ka mutu ba. Wai aiko wayar ma da ka yi ka yi rashin kunya. Na san wannan al'ada, a cikinta muka tashi, na kuma san can wurinku ta fi nan ƙarfi. Amma kai da Baba ya ƙi kiran sunanka, kana ganinsa safe da yamma, kana cin abin da ya nomo, in ka yi zazzaɓi kana jin takunsa a ƙofar ɗaki. Ita me take gani? A Khartoum ta tashi, cikin yaran da ubanninsu ke ɗaukarsu a kafaɗa suna kiransu da sunayen shagwaɓa a gaban kowa. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa akwai shirun da so ne. Ni ma kuma, in faɗa maka gaskiya, ban gama yarda ba. Ko dai ka iya shirinka har ka koya mata abin da za ta ce in na matsa, ko kuwa abin da ta faɗa haka yake. In na farkon ne, ka ci amanata. In na biyun ne, to ka ɗauki yarinya ka rataye ta a jikin waya wata da watanni tana jiran ƙararta. Na rasa wanne zan roƙi Allah Ya sa ya zama gaskiya.

Hanadi ta sake aikin. Ta koma shafin farko ta yi a kan Khartoum, ta zana inda kogunan biyu suka haɗu, ta sa gadoji, ta ɗiga wani ɗan baƙin ɗigo a gefen Omdurman da ba ta gaya wa malama ko mene ne ba. An ba ta maki mai kyau. Na ɗauka magana ta wuce, na nemi kwalin Jigawa in sa a wuta ban gan shi ba, ta ce ta yar. Shekaranjiya ina shara na jawo akwatin tafiyar Inna don in share bayansa, na ga igiyar ba irin ɗaurin da na sani ba ne. Na buɗe. Kwalin yana ciki, an naɗe shi da kyau an ɗora a kan fararen yadin. Ban san ko Inna ce ta sa ko ita ba, ban kuma tambaya ba. Na mayar na ɗaure na tura ƙarƙashin gado, na zauna a ƙasa har tuwona ya kama.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka, don Allah da darajar iyaye. Ka kira ta. Ka ajiye kunyar nan gefe, ba mai jinka a can sai katangar shagonka. Ka kira sunanta, Hanadi, kai ka raɗa mata shi. Ka tambaye ta labarin Jigawa, ka yi kamar ba ka sani ba, ka bar ta ta jero maka masarautun nan biyar har ta ƙare, kada ka ce a ba ka Inna. Na san abin da nake jawo wa kaina. Na san in ta saba da muryarka wata rana za ta iya amsa tambayar da ta ƙi amsa mini a Omdurman, kuma amsar ba lalle ta yi mini daɗi ba. Ina tsoron wannan rana fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma na gwammace haka da in riƙa kallonta tana gudu da kumfa a hannu tana dawowa a sanyaye. In kuwa da gaske so kake ka karɓe ta, to kada ka aiko ɗaliba, kada ka aiko tikiti. Ka zo da ƙafarka. Rumfar tana nan, gadon igiyar yana nan, Inna da ta shaida tana da rai. Ka cire hannunta daga nawa kamar yadda ka sa shi, ido na ganin ido. Ba zan yi maka gardama ba, amma kada ka ce in raka ku filin jirgi.

Ka gaida mini Maman Isma'il da kyau, ka ce ina yi mata sannu da hidima. Ka shafa mini kan Isma'il da Uthman, Allah Ya yi musu albarka. Ka miƙa gaisuwata ga Kawu Nagoggo da mutanen gidansa, tare da jajen ruwan da ya yi musu ɓarna, Allah Ya mayar da alheri. Inna tana sa maka albarka, ta ce in gaya maka man zafin da ka aiko ya ƙare. Malam Habibu yana gaishe ka, ya ce in rubuta cewa shi bai zarge ka da komai ba, na rubuta. Gaisuwar Hanadi ce kawai babu a ciki, don ba ta san ina rubuto maka ba. Yanzun nan aka kawo wuta, ina jin takunta ta ruga ɗaki ta sa wayar a caji.

Wassalam, ƙanwarka mai jiran amsa,
Ruƙayya.